A Ceci Tsohuwar Lasifika Daga Fomeka

A wani shagon kafinta da ke Kwanar Dangora na tarar ana shirin lulluɓe akwatunan lasifika biyu ƙirar Kenwood da fomeka mai ƙyalli. Mai su ya gaje su ne daga mahaifinsa, wanda ya saye su da albashin aikin madatsar Tiga, kafin a kammala ta a 1974. Da na nuna takaicina, sai kafintan ya ce, "Malam, wa ya koya mana wancan aikin?"

Gaskiyarsa. Aikin da yake nufi shi ne a kankare tsohuwar fuskar akwatin, a cike inda gara ta ci, a manna fallen katako wanda kaurinsa bai kai milimita 1 ba, a goge, a shafa mai. Mun daɗe da hausantar da lasifika, amma wannan fallen ko suna ba mu raɗa masa ba. Gungumen maɗaci guda zai suturta akwatuna barkatai, alhali ana sare irinsa a dajin Falgore domin girki.

Wajibi ne kwalejojin fasaha na Jihar Kano su koyar da wannan sana'a, su fara da kafintocin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. Mai akwatunan dai na roƙe shi ya dakata. Ya ba ni wata guda.