Ido Ba Mudu Ba Ne

An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma zamana a Shomolu, unguwar masu ɗab'i a Legas, ya nuna mini ba kullum ba. Na taɓa jera taurari 24 a gefen katin biki da ido kawai. Da aka buga, wasu sun matse, wasu sun ware. Mai kati ya ƙi karɓa, kuɗin takarda ya hau kaina.

Don haka ɗan'uwa mai koyon CorelDRAW, zana tauraro ɗaya, danna Ctrl+D, ja na biyun inda kake so, ka ci gaba da dannawa. Tazarar ba za ta canza ba. A ganina zaɓen launi ne aikin ido, awo kuwa a bar wa kwamfuta.

Allah ya sa mu dace.