Kafin a Yanke Rufin Mota

Zancen wannan wata na mota ne, amma kada uwargida ta juya shafi, gama ita da 'ya'yanta ne sukan hau bayan motar da za mu yi magana a kanta.

Wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta bi ta Goronyo zuwa Sabon Birni da Isa har ta faɗa Shinkafi, ya san irin motar. Daga gaba jif ce sosai, mai ja da ƙafa huɗu. Daga baya kuwa a buɗe take kamar a-kori-kura. Ba haka aka ƙera ta ba. Dā tana da rufi har ƙarshe, da kujeru layi biyu ko uku. Mai ita ne ya kai ta gareji, aka yanke rufin a ɗan bayan ƙofofin gaba, aka bar ɗan wuri bayan kujerar direba, aka tā da bango mai taga, sauran ya zama wurin kaya. Bari mu kira ta mai kai da rabi, domin ta fi mai kai ɗaya wurin zama, ba ta kuwa kai mai ƙofa huɗu ba.

Masu yin haka suna da dalili. A ƙasan nan ta Gobir ne ruwan Bunsuru da na Gagare da Gulbin Maraɗi suke haɗuwa cikin Gulbin Rima, fadamu suna ba da shinkafa da albasa, tudu yana ba da gero da dawa da wake. Da an sauka daga kwalta sai rairayi da rani, laka da damina. Tsofaffin a-kori-kura na Peugeot, waɗanda suka cika kasuwanninmu bayan an buɗe masana'antar Kaduna a 1975, da ƙafafun baya kaɗai suke ja, kuma tsufa ya ci yawancinsu. Sabuwar Hilux ta fi ƙarfin aljihun manomi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, jif da ba ta kawo ko kwabo sai cin gida take yi. Don haka mai jif yakan ce, bari in mai da ita mai ɗaukar kaya ta ci da kanta.

Tunanin yana da kyau. Sai dai akwai magana ɗaya da muke so kowane gida ya riƙe: yankan rufi yana ƙara wa mota wuri, ba ya ƙara mata ƙarfi. Ƙafafunta, da birkinta, da sifirin ɗinta, da ƙashin bayanta, duk suna nan yadda suke kafin a taɓa ta. Ido ne kaɗai yake ganin ta zama motar kaya.

Abu na fari, sai a leƙa ƙarƙashin motar. Motoci iri biyu ne. Akwai mai casis, watau manyan ƙarafa biyu da suka miƙe daga gaba zuwa baya kamar tsani, aka ɗora bodi a kansu aka ɗaure da kusoshi. Land Cruiser da Prado da Patrol da tsohuwar Landiroba duk haka suke. Akwai kuma wadda bodinta ne ƙashinta, kamar ƙwarya: RAV4 da Highlander da CR-V na cikin waɗannan. Pajero na dā yana da casis, amma wanda aka fara ƙerawa daga 1999 jikinsa da ƙashinsa abu guda ne. Mota irin ta biyun nan, in aka yanke rufinta an fasa ƙwarya ke nan. Za ta yi tafiya na ɗan lokaci, sa'an nan ƙofofi su ƙi rufuwa, gilashin gaba ya tsage, tsakiyarta ta fara lanƙwashewa. Irin wannan ba a yanka ta, komai daɗin bakin mai walda.

Abu na biyu lissafi ne, kuma yaron aji huɗu zai iya yinsa. Masu ƙera mota sukan rubuta iyakar nauyin da aka yarda ta kai, ita da kayanta da mutanenta, a wani ɗan allo a jikin ƙofa ko wajen inji, da kuma cikin littafin motar. Mu ɗauki Land Cruiser irin wadda ta fito a 1990, wadda ake kira 80. Iyakarta kusan kilo 3,000 ne, ita kanta kuwa wajen kilo 2,200 ce. Abin da ya rage bai kai kilo 800 ba, amma mu yi mata alheri mu ce 800. Rufi da gilasai da kujerun da aka cire sun rage nauyi, gaskiya ne, amma daɓen ƙarfe da bango da shingen da za a ƙara sun mayar da shi. Direba da yaron mota da fasinja biyu, kowa kilo 65, sun ci 260. Jarkar mai da kayan gyara su ci 40. Saura 500, watau buhun gero biyar na kilo ɗari ɗari. Biyar kawai! Mu kuwa duk mun sha ganin irin motan nan ranar Alhamis ta nufi kasuwar Shinkafi da buhu goma sha biyar, da awaki, da mutane a bisa kayan.

Hilux da Land Cruiser da aka haife su motocin kaya suna ɗaukar wajen tan ɗaya, domin a bayansu an sa musu sifirin na falle-falle, kamar yadda tsohuwar a-kori-kura take da shi. Ita 80 ɗin nan sifirin nata mai murɗe ne, an yi shi don fasinja ya ji daɗin zama. Ana iya sa mai ƙarfi a madadinsa, motar ta daina durƙusawa, amma birki da tayoyi ba su san an sake kome ba. Mota mai nauyi fiye da ƙima tana bukatar wuri mai tsawo kafin ta tsaya, taya kuma tana zafi ta fashe, balle a kwaltar watan Afrilu.

Abu na uku, inda kaya za su zauna. Da yake an bar kai da rabi, wurin kaya yakan yi gajere, sai mai mota ya roƙi mai walda ya ƙara masa tsawo ta baya. A nan ɓarna take. Duk kayan da suka zauna bayan ƙafafun baya suna danne gindin mota suna ɗaga hancinta, kamar yara biyu a kan katakon lilo, babba a gefe ɗaya. Ƙafafun gaba su ne masu juya mota, su ne kuma masu yawancin aikin birki. In suka yi sakayau, sitiyari ba ya jin magana. Kowane rami kuma yana lanƙwasa casis a daidai bayan kan motar, har wata rana ya tsage. A ƙasar Ostareliya, inda yankan Land Cruiser sana'a ce ta manyan gareji, sukan ƙara tsawon casis ɗin kansa da wajen santimita 65, su matsar da ƙafafun baya su koma ƙarƙashin kaya, kuma sai injiniya ya duba ya sa hannu kafin hukuma ta bar motar ta hau hanya. Mu da ba mu da kayan aikin nan, dabararmu ita ce mu bar wurin kaya gajere, mu jera buhuna masu nauyi jingine da bangon kai, marasa nauyi a baya.

Abu na huɗu, aikin kansa. Rufin jif da ginshiƙansa su ne suke hana kan mota murƙushewa in ta kife. Wanda ya yanke na baya ya rage wa na gaba mataimaka, kamar a zare azara daga soro. Saboda haka kada bangon baya ya zama farantin ƙarfe kawai da aka liƙa. A fara kafa bututun ƙarfe mai kauri, a lanƙwasa shi ya bi gefe da sama, a kama shi da ƙasan motar sosai, sa'an nan a rufe da faranti. Kada a taɓa ginshiƙin da ke riƙe da bel na direba. A sauke tankin mai a kai shi nesa kafin a kunna wutar walda, gama tankin da ba kome a ciki ya fi cikakke haɗari, tururin mai ne yake fashewa. A cire kan batir. A toshe kowace kafa a bango da ƙasa, a kuma miƙa bakin salansa ya fita har bayan mota. Cikin hayaƙin mota akwai guba wadda ba ta da wari, tana sa ciwon kai da barci, kuma yaran da aka zaunar a ɗan wurin nan na bayan direba su ne za su fara shaƙarta. A ƙarshe a shafa wa kowane wurin walda fenti mai hana tsatsa, in ba haka ba damina biyu ta isa ta cinye shi.

Abu na biyar, takardu. Takardar mota tana faɗin irin jikinta. In ta ce jif ce, ga shi kuwa a-kori-kura ce a kan hanya, takardar ta zama ƙarya. Sai a kai motar wurin jami'an duba lafiyar motoci da ofishin lasisi a gyara, a kuma sanar da masu inshora. In za a yi haya da ita, a karɓi lamba mai jan rubutu ta motocin haya a maimakon mai shuɗi. Kada wuta ko fenti su shafe lambar casis. Mai bi da ya bar takardarsa a karkace ya sa kansa cikin ba da cin hanci a kowane shingen hanya, ya kuma koya wa yaron motarsa haka.

Yanzu ga babbar maganar. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya ja ɗan bango kewaye da rufin soronsa, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ba a jira sai wani ya faɗi tukuna ba. Tun a lokacin gini ake sa rai da baƙon da ba a san shi ba. Wanda ya buɗe bayan motarsa ya gina soro mai gudu, mutane kuwa za su hau, ko ya so ko bai so ba.

Mun san ba shi da sauƙi a ce wa mutane a'a. Tun 2019 dubban mutanen ƙasan nan sun bar ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, waɗansu sun ƙetare zuwa jihar Maraɗi. Direban da ya tarar da tsohuwa da jikokinta a bakin hanya ba zai wuce su ba, mu ma ba za mu ce ya wuce ba. Amma tun a gareji ake shirya wa ranan nan. A yi shinge mai kaiwa kafaɗar mutumin da ke zaune, da ƙofar baya mai sakata. Mutane su zauna a daɓe, kada kowa ya zauna a bakin bodi ko a kan buhuna. Ƙananan yara da mai ciki su shiga ciki. In mutane sun hau, kaya su ragu daidai da nauyinsu, gudu kuma ya ragu.

Har yanzu ba mu manta da Disamba ta 2021 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka tare motar fasinja kusa da Gidan Bawa, tsakanin Sabon Birni da Isa, suka cinna mata wuta, fiye da mutum 20 suka rasu. Laifin wannan na mugayen ne kaɗai. Amma ya koya mana cewa a hanya irin wannan, motar da sifirin nata ya karye don yawan kaya, ta tsaya a daji da magariba, ba asarar kuɗi kaɗai ta jawo ba. Buhu biyar da suka isa gida sun fi goma sha biyar da suka kwana a hanya tare da masu su.

Akwai kuma abin da ake rasawa, wanda ba a tunawa sai dare ya yi. Jif mai rufi ita ce motar asibitin unguwa. A kwantar da kujerun baya, a shimfiɗa katifa, mace mai naƙuda ko tsoho mai zazzaɓi ya kwanta, ba ƙura, ba ruwan sama, har asibitin koyarwa na Sakkwato, ko asibitin mishan na Galmi a Nijar wanda aka buɗe tun 1950. Bayan an yanke ta, ɗan wurin bayan direba ba ya ɗaukar mutum a kwance. Saboda haka muna roƙon dattawan ikkilisiya, in motar ta jama'a ce, kuma ita kaɗai ce mai rufi a wurinku, ku bar ta yadda take. A cire kujerun baya ranar kasuwa, ta ɗauki buhunan nan biyar ɗin, gama iyakarta ke nan ko da rufi ko babu.

Ubangijinmu ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna ya ƙididdige kuɗin tukuna, a Luka 14. Maigida, kai ma ka zauna da uwargida da takarda da fensir. Ku rubuta kuɗin walda da bututun ƙarfe da fenti da takardu. Ku rubuta abin da buhu biyar za su kawo a kowace tafiya bayan an fitar da kuɗin mai. Ku tuna motar da aka yanke ba ta komawa yadda take, kuma masu sayenta kaɗan ne. In lissafin bai fita ba sai da buhu goma sha biyar, to bai fita ba ke nan, gara a sayar da jif ɗin a cika a nemi tsohuwar motar kaya ta ainihi. In ya fita da biyar, a nemi gwanin mai walda, a biya shi hakkinsa, a tsaya a kan aikin har ya gama.

Allah ya kiyaye direbobinmu da fasinjojinsu, ya kawo salama a ƙasar Gobir. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.