Fasfo da Biza a Cikin Sharaɗin Aikin Hajji

Duk shekara, da zarar manoman Makarfi da Kudan sun sayar da rake, na Ikara sun kai amfani kasuwa, sai zancen kujerar Makka ya tashi a zauruka. Saboda haka muka ga ya kamata mu duba matsayin fasfo da biza a shari'a.

Kakanninmu ba su san waɗannan takardu ba. Mutum yakan ɗaure kayansa ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya yi ƙodago a Sudan, ya ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda. Waɗansu ma can suka zauna, kamar jama'ar Mai Wurno da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

Yau kuwa ba a fita sai da fasfo, shi ma suna ya tara. A lissafin 2024, na Singafo yana shigar da mai shi ƙasashe fiye da 190 ba tare da ya nemi biza daga gida ba, namu na Nijeriya bai kai 50 ba, har da maƙwabtan da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta buɗe mana. Mutumin Kuwait yana shiga Saudiyya da katin shaidarsa kawai. A 2019 Saudiyya ta buɗe wa ƙasashe 49 bizar intanet wadda ake iya yin Umra da ita. Ingila da Amurka suna ciki, Nijeriya ba ta ciki. Wannan abu yana da ciwo, ganin yawan Musulminmu. Hajji kuma rabo ake yi: kujeru 95,000 aka ba mu a 2024.

To, ina hukuncin wanda ya tara kuɗi amma takarda ta gagara? Aya ta 97 a Suratu Ali Imrana ta rataya wajibcin Hajji ga samun iko, malamanmu na Malikiyya kuma sun sa amincin hanya cikin ikon nan. A ganinmu, biza ita ce hanyar a wannan zamani. Wanda aka hana, Hajji bai wajaba a kansa ba a wannan shekara, babu kuma zunubi a wuyansa.

Mun faɗi haka ne saboda dillalan da ke zuga mutum ya jinginar da gona, ya tafi da bizar Umra ko ta ziyara, ya ɓuya har ranar Arfa. Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta yi fatawa a 2024 cewa bai halatta a tafi Hajji ba izini ba. A Hajjin shekarar, cikin tsananin zafi, mutum 1,301 suka rasu, hukumomi kuma suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin, don haka babu tanti, babu mota.

Mai niyya ya tafi wurin jami'in alhazai na ƙaramar hukumarsa, ya biya ta Hukumar Alhazai ta Jihar Kaduna, ya karɓi rasit a hannunsa.