Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Tawa kan maƙabartun birni

Daga Tebaram, ƙasar Adar



Maƙabartar gari guda wadda kowa zai kai mamacinsa ba ita kaɗai ce hanyar binnewa da ƙasar Hausa ta gada ba. Sarakuna da manyan malamai sau da yawa a cikin gida ake yi musu sutura. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ya rasu a 1817, a gidansa na Sakkwato aka binne shi, wurin da ya zama Hubbare. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kwance a Wurno tun 1837, Sarkin Kano Ado Bayero kuma a gidan sarauta na Nasarawa aka sa shi a 2014. Talakawa kuwa kusheyinsu a bayan gari suke, inda gonaki suka fara, kowace unguwa da nata gefen.

Birnin Tawa ya tashi ne daga ƙauyuka biyu na Azna, Bilbis da Fakuwa, waɗanda a yau unguwanni ne a cikinsa. Zuwan Faransawa a farkon ƙarni na 20 ya mayar da shi mazaunin mulki, ya yi ta faɗaɗa har ƙidayar 2012 ta nuna mutum kusan 150,000, an kuma raba shi gida biyu, Tawa ta ɗaya da ta biyu. Kan wannan aka ƙara waɗanda rashin tsaro ya taso daga arewacin jihar, inda a ranar 21 ga Maris 2021 aka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya. Duk garin da ya yi irin wannan girma, bayan garinsa na jiya shi ke zama tsakiyarsa ta yau, maƙabarta ta sami kanta a kewaye da gidaje, ba ta da inda za ta miƙe.

Kano ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. Manyan maƙabartunta, irin su Ɗandolo da ke Goron Dutse da ta Tarauni, gari ya haɗiye su tuni. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, masu haƙa kabari ne suka fara ankarar da jama'a cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce na kullum. Daga baya ministan lafiya na Najeriya ya bayyana cewa an samu mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi 8 na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa cutar ce sila. Sai da aka bi gida-gida ana tambayar iyalai kafin a kai ga wannan bayani, domin mafi yawan mamatan ba a asibiti suka cika ba. Da a ce kowace maƙabarta tana da rajistar da hukuma ke dubawa kowane mako, da an gane abin tun da wuri. Wannan babban sakaci ne, kuma gyaransa bai fi kuɗin littafi da albashin magatakarda ɗaya ba.

A Adar akwai ƙarin barazanar ruwa. Ƙasar tudu ce mai duwatsu, ruwan damina na gangarowa da ƙarfi, yana yanka ƙorama inda babu ita bara, kabarin da aka rufe da itace da taɓo kuwa ba ya jure masa. Maganin ba baƙo ba ne: tun 1984 aikin raya karkara na Keita ya nuna yadda jeren duwatsu da dashen itatuwa ke rage gudun ruwa, kuma matan Adar ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a kansu.

Abin da ake roƙon Mai Girma Gwamna shi ne ya umarci ma'aikatar magajin gari ta auna iyakar kowace maƙabarta, ta ba ta takarda, ta katange ta, ta kuma ware sabon fili kafin a ci gaba da yankan filayen gidaje. A buɗe rajistar mamata mai suna da rana da layin kabari. Sannan a nemi sashen da ya dace a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ya naɗi bayanan tsofaffin masu haƙa da limaman unguwanni, waɗanda suka san inda aka fara binnewa da zuriyar da ke kwance a kowane gefe, a ajiye kwafi ɗaya a jami'ar, ɗaya a ma'aikatar magajin gari.