KATIN KOFUNA HUƊU DA MASU CE MANA BUTULCI NE KE DAMUNMU

'Yan uwana ɗalibai 'yan Arewa da karatu ya kawo mu Kudu, na Ibadan da Legas da Nsukka da Fatakwal da sauran wurare. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare. Na san ran wasu zai ɓaci, amma dole a faɗa.

Maganar katin tarot zan yi, musamman guda ɗaya da ya cika mana status a wannan zangon, wanda suke kira Four of Cups. Ni Kofuna Huɗu zan ce masa. Ga wanda bai san abin ba, wasu katuna ne masu hotuna guda 78, ana cakuɗa su kamar karta, a zaro ɗaya, a ce wai ya faɗi halin da zuciyarka take ciki ko abin da ke tafe. Da a TikTok kawai muke ganin Turawa suna yi. Yanzu ya shigo hostel, har da masu karɓar kuɗi ta transfa, kuma cikin kwastomominsu akwai namu, mata da maza.

Ga yadda katin yake. Wani saurayi ne zaune a gindin bishiya, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya sunkuyar da kai. A gabansa kofuna uku a kan ciyawa. Daga gefe wani hannu ya fito daga cikin gajimare yana miƙa masa na huɗu, shi kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Fassarar da suke yi ita ce gundura da rashin gamsuwa: alheri yana gabanka amma ka rufe ido. Idan katin ya fito a juye, sai a ce ka fara farkawa, sabon abu yana zuwa. Arthur Edward Waite, Baturen da ya tsara samfurin katunan da aka fi amfani da shi, ya lissafa gajiya da ƙyama da damuwar da mutum ya ƙaga wa kansa a cikin ma'anonin katin. Ku riƙe wannan ta ƙarshen, za mu dawo kanta.

Duk inda aka ɗora katin nan, abin da za ka gani a ƙasa shi ne, "Wallahi kamar ni aka zana." To ai dole! A nuna min ɗalibi ɗaya a tsakiyar zango, ga tes ga asamen ga aljihu ya bushe, wanda bai gaji ba. A nuna min mutum ɗaya a duniya da ba shi da wani alheri da ya manta da shi. Rigar da ta yi wa kowa daidai ai ba a gwada kowa aka ɗinka ta ba.

An taɓa gwada wannan a kan ɗalibai irinmu. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa wasu tambayoyi, daga baya ya miƙa wa kowa takarda ya ce ga bayanin halinka kai kaɗai. Ya ce kowa ya ba da maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda bayanin ya dace da shi. Matsakaicin makin ya haura 4. Sai ya faɗa musu gaskiya: takarda iri ɗaya ya ba kowa, jimlolin ma daga littafin duban taurari ya tsinto su. Dabarar ke nan har gobe. Sai kuma a ƙara da cewa wai idan bidiyon ya iso gare ki, to saƙonki ne. 'Yar uwa, ba saƙo ba ne. Kin tsaya kin kalli guda biyu jiya da dare, manhajar ta lura, ta ƙaro miki goma.

Wasu suna cewa ai tsohuwar hikima ce ta dubban shekaru. Haba dai. A arewacin Italiya aka fara tarot a ƙarni na 15, kuma wasan karta ne, har yau ana buga shi a Faransa a matsayin wasa. Ita kanta kartar ta shiga Turai ne a wajen shekarun 1370 daga Masar ta zamanin Mamlukawa, waɗanda katunansu ke ɗauke da kofuna da tsabar kuɗi da takubba da sandunan wasan holo. Asalin kofin ke nan, alama ce ta rarrabe kati da kati. Sama da shekara 300 ana wasa da tarot kafin wani marubuci a Faransa, Antoine Court de Gébelin, ya fito a 1781 ya ce wai sirrin limaman tsohuwar Masar ne ke ɓoye a ciki. Ya faɗi haka a lokacin da babu mai iya karanta rubutun Fir'aunoni, don sai 1822 aka fara warware shi. Shi kuwa saurayin gindin bishiya da kuke cewa ya san sirrinku, a 1909 wata mai zane, Pamela Colman Smith, ta zana shi a Landan. A tsofaffin katunan Marseille kofuna huɗu ne kawai da ɗan adon ganye. Babu saurayi, babu bishiya, babu hannu a gajimare.

Amma ko da tarihin bai dame ku ba, ga abin da ya fi ci min rai. Rashin gamsuwa ba iri ɗaya ba ne, katin nan kuwa ya zuba su duka a buhu ɗaya ya rubuta "butulci" a jiki.

Akwai wanda abin da ke damunsa rashi ne na zahiri. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa a cikinmu ya san abin da kuɗin mota zuwa gida ya koma. Akwai waɗanda Sallah biyu ta wuce su a makaranta. Akwai mai cin abinci sau ɗaya a wuni yana ɓoyewa. Akwai wadda yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya ci mata shekara, ƙawayenta na gida sun gama sun yi aure, ita tana nan da furojet. Wannan mutumin idan ya zauna ya harɗe hannu, lissafi yake yi. Ka zo ka ce masa damuwarsa shi ya ƙaga wa kansa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma wanda ba shi da lafiya. Idan mutum ya kwashe sati biyu ko fiye ransa a dagule kullum, abin da yake so da ya daina ba shi sha'awa, barci da cin abinci sun rikice, ya daina fita lakca, waɗannan alamomin ciwon damuwa ne, kuma ana maganinsa. Ku sake kallon hoton nan: mutum ya keɓe kansa, ana miƙo masa abu ya kasa ɗaga hannu. Ni idan na ga ɗan ɗakinmu a haka, asibitin makaranta zan raka shi. Mai kati kuwa sai ta ce masa ya buɗe ido ya ga ni'imomin da ke gabansa. Ya koma ɗaki da ciwonsa, an ƙara masa da jin cewa shi mai laifi ne.

Sai na uku, wanda da gaske raini ne ke damunsa. Yana da kuɗin makaranta, yana da abinci, iyayensa suna raye, amma ya wuni yana kallon status ɗin 'ya'yan masu kuɗi yana tsaki. Shi kaɗai katin ya dace da shi, kuma shi ma ba ya bukatar kati. Kakarsa za ta faɗa masa abin da ya fi haka a kyauta.

Kati ba ya tambaya. Bai san ko ka ci abinci ba. Bai san wanne ne kai cikin ukun nan ba, amsa ɗaya yake ba kowa.

Ku dubi kuma abin da katunan suke kira gamsuwa. Katin Kofuna Tara shi ne wai na cikar buri. Wani mutum ne mai ƙiba zaune a kan benci, an jera kofuna tara a bayansa, shi ma ya harɗe hannuwa, yana murmushin jin kai. Babu kowa a wurin sai shi. Babu baƙo, babu maƙwabci, babu wanda ya miƙa wa ko guda. A garinmu mai kofi tara da ya zauna shi kaɗai sunansa marowaci. Wadatar zucin da muka taso da ita ta mutum shida ce a kan tire ɗaya na garau-garau, kowa yana ture wa ɗan uwansa.

Na san amsoshin da za su zo. Wata za ta ce wasa ne kawai. To me ya sa ake biyan kuɗi, kuma me ya sa tambayar kullum ita ce ko zai aure ni, ko zan ci jarrabawa? Wani zai ce ai ba duba ba ne, madubi ne na nazarin kai. Madubin da sai an cakuɗa shi an zaro a makance? Mu daina yaudarar kanmu. Mu ne muke yi wa goggonmu ta ƙauye dariya idan ta je wurin mai bugun ƙasa. Da aka kawo mana shi da Turanci, da kyandir da kiɗa mai taushi, sai ya zama wayewa. Duk kanwar ja ce. Hukuncin duba kuwa ba sai na koya wa kowa ba, tun muna Islamiyya muka san shi, 'yan uwanmu Kiristoci 'yan Arewa ma sun san abin da ake faɗa musu a coci.

Sai dai fa, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya sa yarinyar da ta yi saukar Alƙur'ani take zuwa ɗakin mai kati ƙarfe sha ɗayan dare? Saboda mai katin tana zama ta saurare ta na minti talatin ba ta katse ta ba. Mu kuwa da zarar mutum ya buɗe baki ya ce na gaji, sai mu ce, "Ka gode wa Allah, wasu ko admishon ba su samu ba." Godiya wajibi ce, ban musa ba. Amma idan muka mayar da ita abin toshe bakin mai kuka, aikin da katin yake yi muke yi, mun dai sa masa rawani ne. Mutum yana iya gode wa Allah kuma yana jin yunwa. Yana iya yin sallah biyar kuma yana fama da ciwon damuwa.

Ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa da na jihohi ma su ji. Idan lokacin zaɓe ne ko ranar al'ada, kowa ya san lambar kowa, a yi anko, a yi fura da kilishi, a ɗau hoto. Amma ɗan aji ɗaya ya yi sati uku bai fito masallaci ba, bai je lakca ba, babu shugaban da ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Yaro ne da bai taɓa wuce Abuja ba, an kawo shi garin da ba ya jin yarensu, ana kiransa "aboki" a kasuwa. Idan mu ba mu neme shi ba, wayarsa za ta neme shi.

Saboda haka ga roƙona. Idan ɗan uwa ko 'yar uwa ta ce miki komai ya fita daga ranta, kar ki turo mata kati, kar kuma ki fara da wa'azi. Ki tambaye ta abu uku: kin ci abinci yau? Tun yaushe kike jin haka? Akwai wanda kike faɗa wa? Idan kuɗi ne, a yi karo-karo, a taya ta cike fom ɗin tallafin karatu na jiharta ko lamunin NELFUND da aka buɗe a 2024. Idan ciwo ne, a raka ta asibiti, a zauna da ita a layi. Idan ta fara maganar cutar da kanta, kar a bar ta ita kaɗai ko na dare ɗaya, a sanar da likita da na gida. Idan kuwa raini ne kawai, to ƙawa ta gari ita ce mai faɗa mata gaskiya ido da ido.

Masu shugabancin ƙungiyoyi kuma, ku raba sunayen sababbin ɗalibai ga 'yan manyan aji, kowa ya riƙe biyu ko uku, ya riƙa leƙa su duk sati. Wannan ba ya bukatar ko sisi.

Mai son musu ga wajen kwament nan, a yi shi da mutunci. Wanda kuma ya san akwai wani a hostel ɗinsu da ya kwana biyu bai ji ɗuriyarsa ba, ya ajiye wayar nan ya je ya duba shi.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya kuma ba mu abin da za mu ci. Allah ya maida mu gida lafiya da sakamako mai kyau.