Wata shidan IT: Yadda muka mayar da koyon aiki neman hatimi

Kwanakin baya ƙanen wani abokina, ɗan aji huɗu a fannin injiniyan lantarki, ya same ni riƙe da logbuk ɗinsa na IT. Bayan mun gaisa ya ce, "Yaya, don Allah ko kana da wani a ma'aikatar nan da zai buga min hatimi? Ogan da aka haɗa ni da shi an yi masa canjin wajen aiki." Na karɓi littafin na duba. Kowane shafi cike yake tsaf, har da zanen taransifoma. Da na tambaye shi kwana nawa ya yi yana zuwa wajen cikin wata shidan, sai ya sunkuyar da kai ya ce ba su kai ashirin ba. Tun ranar farko aka gaya masa babu kujerar da zai zauna, ya riƙa leƙowa ranar Litinin. Littafin kuwa a dare biyu ya cike shi, daga na wani abokinsa.

Ban yi masa faɗa ba, domin ni ma ban fi ƙarfin wannan laifin ba. Lokacin da nake karatun difloma an tura ni wata kafar yaɗa labarai na wata huɗu, kuma abin da na ƙware a kai shi ne hanyar shagon fotokwafi da wajen mai sayar da shinkafa da wake. Sai a shekara gudan da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ke yi a waje kafin su koma babbar difloma Allah Ya haɗa ni da wani dattijon edita. Ranar da na fara ya miƙo min biro da takarda ya ce in tafi kotun majistare, kada in dawo sai da labari. Na dawo da shafi uku, ya soke duka ya bar layi biyar. Abin da nake ci da shi yau a wannan shekarar na koye shi.

Shi ya sa duk lokacin da aka taso da zancen cewa ɗaliban jami'o'inmu suna fitowa ba su iya aiki ba, hankalina ba ya zuwa kan sabon kwas ko taron bita a otal. Muna da gadar da aka gina musamman don wannan matsala fiye da shekara 50 da suka wuce, mu ne muka bari ta ruɓe.

A 1973 Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, mai hedikwata a Jos, ya ƙirƙiro shirin SIWES, wanda ɗalibai suka fi sani da IT. Dalilin kuwa shi ne kukan da masu masana'antu ke yi tun a wancan lokacin cewa masu digiri sun san littafi amma ba su san inji ba. To amma a 1973 jami'o'i shida ne kacal a Najeriya. Kakuri a Kaduna cike take da masaƙu, Bompai da Sharaɗa a Kano suna aiki dare da rana. Yau jami'o'in sun haura 250, ban da kwalejojin fasaha da na ilimi, su kuwa manyan masaƙun Kakuri an rufe su tun farkon shekarun 2000. Ɗaliban sun ninka sau babu adadi, wuraren da za su karɓe su sun ragu, tsarin kuma yana nan yadda aka gada: ka nemo kamfani ko ma'aikata mai takarda da tambari, su sa maka hannu.

Sakamakon shi ne abin da kowa ke gani. Ɗalibi ya karɓi wasiƙa daga makaranta ya shiga gari yana yawo ofis-ofis. Mai uwa a gindin murhu ya samu gurbi a Abuja ko wani kamfanin sadarwa. Saura su taru a sakatariyar jiha, su goma sha a ofishin da ma'aikatansa ma ba su da abin yi. Malamin da ya kamata ya zo duba su, in ya zo sau ɗaya an gode, wani lokacin ma a waya zai ce duk su haɗu a wuri ɗaya da littattafansu. Ba na ɗora masa laifin duka, domin kuɗin zirga-zirgar da ake ba shi ba ya kai shi ko'ina. Shi ma ɗalibin alawus ɗinsa Naira 2,500 ne a wata, wato 15,000 a wata shida, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 tun 2024. Kuɗin ba za su biya Adaidaita Sahu na mako biyu ba, kuma da yawa sai sun manta da su suke ganin alat. A ƙarshe kowa ya koma makaranta, ya tsaya gaban malamai ya karanto rahoto, ya samu maki mai kyau.

Za a ce ai an shigo da darasin koyon sana'a da dogaro da kai. Gaskiya ne, tun wajen 2007 Hukumar Kula da Jami'o'i ta NUC ta wajabta shi. Amma a tambayi duk wanda ya yi shi: ɗalibai ɗaruruwa a babban ɗakin lacca, handawut, jarrabawa a kwamfuta, in an yi sa'a a haɗa sabulun ruwa rana ɗaya a ɗauki hoto. Hukumar NYSC ma ta kawo nata shirin na SAED a 2012, sai dai 'yan kwanaki ne a cikin mako ukun sansani, bayan mutum ya riga ya gama shekara huɗu ko biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ra'ayina shi ne jami'o'inmu, musamman na Arewa, su daina yi kamar masana'antun 1973 suna nan, su kalli inda aiki yake a yau. Aiki yana kasuwar waya ta Farm Centre, inda matasa ke buɗe waya su canza abin da ido da ƙyar yake gani. Yana Panteka a Kaduna, inda ake ƙera injin niƙa da na casar hatsi. Yana wajen masu haɗa sola, waɗanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba su huta ba. Yana kamfanonin casar shinkafa da gonakin noman rani na Kura da Kadawa, da kasuwar hatsi ta Dawanau, inda ake auna riɗi da zoɓo ana lodin su zuwa ƙasashen waje. Ɗalibin lantarki da ya yi wata shida yana hawa rufi da mai haɗa sola, yana lissafin batir nawa gida ke buƙata, ya fi wanda ya yi su a kan benci a sakatariya. Ɗalibar akanta da ta zauna da dilan atamfa a Kantin Kwari ta tsara masa littafin shiga da fita da na bashi, ta ga abin da babu shi a handawut, shi ma kuma ya ƙaru da ita.

Abin da ke hana wannan ba wani babban abu ba ne. Da yawa daga cikin waɗannan wuraren ba su da takarda mai tambari, kuma mai wajen bai yi boko mai zurfi ba, don haka ofishin SIWES na makaranta yana ɗari-ɗari da su. Maganinsa makarantar ta fita da kanta, ta zauna da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na masu sana'a, ta tantance waɗanda suka iya aikinsu, ta yi rajistarsu, a rubuta abin da ake so ɗalibi ya iya kafin ya bar wajen. Wannan tantancewar ita ce kuma za ta kwantar da hankalin iyayen 'ya'ya mata, waɗanda suke da hujjar tambayar wajen wa za a tura 'yarsu. Sabon kundin manhaja da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara daidai da yankinta, ke nan ƙofar a buɗe take.

Sai kuma yadda ake ba da maki. Muddin littafi da hatimi ne ma'auni, littafi da hatimi ɗalibi zai kawo. A ajiye masa inbata da ta lalace a ce ya gano matsalar. A ba shi rasiɗai na wata guda a ce ya fitar da riba da asara. Ranar da aka fara kayar da mutum a IT saboda bai iya ba, ranar ɗalibai za su fara neman wajen da za a koya musu, ba wajen da za a ƙyale su ba.

Na san akwai malaman da za su ce jami'a ba makarantar koyon sana'a ba ce, aikinta gina tunani. Ban musa ba, kuma ba na cikin masu cewa digiri ba shi da amfani. Injiniyan da ya san dalilin da ya sa waya ke ɗaukar zafi ya fi wanda ya gaji aikin da ido kawai. Amma wata shidan nan an riga an ware su, an cire su daga zangon karatu, iyaye suna biyan kuɗin mota da na abinci. Ko dai a yi abin da aka ware su dominsa, ko a mayar da yaran aji.

Akwai kuma masu cewa ko an koya musu ina aikin yake? Wannan ma magana ce. IT ba zai buɗe masaƙun Kakuri ba. Sai dai na sha ganin masu ƙananan kamfanoni suna neman wanda za su ɗauka su rasa, alhali takardun neman aiki sun cika musu tebur. Kuma mafi yawan waɗanda na sani da suka samu aiki ba tare da ɗan'uwa a sama ba, a wajen da suka taɓa yin IT ko hidimar ƙasa aka riƙe su, ko wani da ya ga aikinsu a can ya yi musu hanya.

Nasu laifin ɗaliban ma yana nan. Wasu da gangan suke neman inda ba za a matsa musu ba. Wasu kuma suna ganin ɗan jami'a ya wuce a gan shi da baƙin mai a hannu, ko yana ce wa wanda bai gama sakandare ba "Oga". Iyaye ma sukan fi son su ce ɗansu yana IT a ma'aikatar kaza, ko da zaman banza yake yi a can.

Shi dai ƙanen abokin nawa ban nema masa hatimin ba, amma bai rasa ba, wani masinja ya buga masa. Na haɗa shi da wani mai haɗa sola a unguwarmu, yana bin sa aiki ranakun Asabar da Lahadi. Makon farko ya kira ni ya ce ashe bai taɓa riƙe mitar gwajin wuta shi kaɗai ba sai ranar. Sakamakon IT ɗinsa ya fito tun kafin nan, ya ci A.