Ba Kowace Atishawa Ce Mura Ba

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, duk wanda ya zauna a ofis ko aji ko sahun masallaci a Birnin Kebbi ya san sautin wannan lokaci: atishawa a jere, jan majina, da busasshen tarin da ba ya fitar da komai. Mun saba mu haɗa su duka mu kira su mura, mu ɗora laifin a kan sanyi, mu aiki yaro kemis. In an samu sauƙi a ce magani ya yi aiki. In ba a samu ba a ce ai hunturu ne, zai wuce.

A ganina wannan sabo yana jawo mana asara. Da yawa daga cikin abin da muke kira mura borin jiki ne, wanda likitoci ke kira alaji, ko kuma kumburin hanci da ƙirji da ƙura da hayaƙi ke haddasawa. Ƙurar hamada ba mu da iko a kanta, amma wani babban kaso na abin da muke shaƙa mu muke kunna shi da hannunmu, a gona da bakin titi da cikin ɗakin kwana. Wannan kason ana iya rage shi a bana, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar kuɗi.

Abin da ke faruwa a cikin hanci

Mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Takan zo da ciwon jiki, wani lokaci da zazzaɓi, ta tafi cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Borin jiki kuwa kuskure ne na garkuwar jiki: takan ɗauki abin da ba shi da illa, kamar garin furen ciyawa ko kashin kyankyaso, a matsayin abokin gaba, ta ƙera masa wani makami da masana suka gano a tsakanin 1966 da 1967 suka sa masa suna IgE. Duk ranar da aka sake haɗuwa da abin, sai jiki ya saki sinadarin histamin, hanci ya kumbura, ido ya yi ja. Alamominsa a bayyane suke: atishawa biyar ko goma a jere, majina tsararo kamar ruwa, ƙaiƙayin ido da hanci da ganda, babu zazzaɓi. Yakan yi makonni, kuma yakan dawo a lokaci guda kowace shekara ko a wuri guda kowace rana.

Hausa ta riga ta haɗa sanadi da sakamako a kalma ɗaya. Abin da ke tashi idan ana sheƙar hatsi sunansa ƙaiƙayi, abin da jiki ke ji bayan ya sauka a kansa shi ma ƙaiƙayi.

Ƙura da hayaƙi ba sai sun bi ta hanyar garkuwar jiki ba. Suna kankare fatar cikin hanci da maƙogwaro kai tsaye, har ga mai ƙoshin lafiya. Ga mai borin jiki ko mai asma, wadda iyayenmu ke kira fuka, sukan zama ƙarin gishiri a kan gyambo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, kuma ta kashe 455,000 a wannan shekarar, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu. Saboda haka maganar ta wuce ta hankici.

Baƙuwar da ke zuwa daga Chadi

A arewacin Chadi akwai wani kwari mai suna Bodele, busasshen gindin tsohon babban tafkin Chadi. Iska kan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi farar ƙasarsa mai laushi kamar gari, kuma masana na ɗaukar wurin a matsayin wanda ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Iskar arewa maso gabas ce ke ɗauko wannan ƙura, haɗe da ta sauran sassan Sahara, ta baza ta a Afirka ta Yamma. Ita ce hazon da ke mayar da rana kamar faifai a saman fadamar Argungu.

Manyan ƙwayoyin ƙura gashin hanci da majina na tare su. Masu haɗarin su ne ƙananan da ake kira PM2.5, waɗanda suka fi silin gashin kai siranta kusan sau 30, domin su kan zarce har can ƙasan huhu. Amawalin rawani da bakin mayafi suna rage manyan, kuma hakan ma alheri ne, amma ƙananan sai takunkumi irin N95 da ya zauna daram a fuska. Takunkumin da muka jefar bayan korona ya fi amfani ga ɗan acaba da ɗan makaranta mai asma a watan Janairu fiye da yadda muke zato.

Sauran dabarun na hankali ne. A rufe tagogin da ke fuskantar arewa da gabas a ranar da hazo ya yi kauri. Mai asma ya ɗage motsa jikinsa zuwa ranar da gari ya washe. A wanke fuska a sauya riga idan an dawo gida. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen hazo a kai a kai, sai dai mun bar shi ga matuƙan jirgin sama, alhali uwar yaro mai fuka ta fi kowa buƙatarsa.

Shinkafa ta kawo arziki, ta kawo hayaƙi

A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015. A 2017 aka buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma Labana a Birnin Kebbi, ban da ƙananan injinan casa da ke unguwanni da ƙauyuka. Babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki da wannan. Amma kowane buhu yana barin kara a gona da ɓuntu a bakin inji, kuma hanya mafi sauri ta rabuwa da su ita ce ashana. Tsibin ɓuntu ba ya ci da wuta lokaci guda, yakan yi kwanaki yana turnuƙa. Girbin damina yana faɗowa daidai shigowar hunturu, lokacin da iskar asuba ke kwanciya ƙasa ta riƙe hayaƙi a daidai tsayin hancin mutum. A haɗa da ƙona bola da leda a lunguna, da tayar da ake kunnawa don jin ɗumi.

Manomi yana da hujjarsa. Noman rani na jiransa, kwashe kara aiki ne, leburori kuma kuɗi ne. Wa'azi kaɗai ba zai hana shi ba, haka ma doka: tun 2011 Najeriya take da ƙa'idojin hana ƙona daji da ƙona shara a fili ƙarƙashin hukumar NESREA, hayaƙin kuwa bai fasa tashi ba. Abin da zai kashe wutar shi ne kara da ɓuntu su yi daraja. Karan shinkafa abincin dabbobi ne a jihar da ke cike da makiyaya, kuma yana zama taki. Ɓuntu ana curawa a yi makamashin girki da shi, ana shimfiɗa wa kaji, manyan injina kuma suna iya ƙona shi a tukunyar da aka gina don haka. Ranar da mai saye ya tsaya a bakin gona, babu manomin da zai cinna wa kuɗinsa wuta.

Cikin ɗaki

Nan ne ikonmu ya fi yawa, nan ne kuma muka fi sakaci. Mutum yakan yi kusan sulusin rayuwarsa a inda yake kwana.

A fara da maganin sauro na kunnawa, mai kama da naɗaɗɗiyar igiya. Wani bincike da aka buga a 2003 ya gano cewa guda ɗaya na iya fitar da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi daidai da na taba sigari 75 zuwa 137. Muna kunna shi, mu rufe ƙofa da taga saboda sanyi, mu kwantar da yara har asuba. A garin da ke bakin fadama sauro ba abin wasa ba ne, amma gidan sauro mai magani yana yin aikin ba tare da hayaƙi ba. Fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki guba ce ta gona, bai kamata ta shiga wurin kwana ba ko kaɗan.

Sai turaren wuta, wanda na san taɓa shi taɓa martabar uwargida ne. Ƙamshin ɗaki ado ne da tarbiyya, ba na kiran a bar shi. Amma huhu bai san bambancin hayaƙi mai tsada da mai araha ba. A gidan da ke da mai asma ko jariri, a turara ɗaki lokacin da ba sa ciki, a buɗe taga hayaƙin ya fita, ƙamshin zai zauna a labule da tufafi. Kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki don ɗumi ya fi wannan muni, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Haka janareta a bakin taga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020 da gurɓatar iskar cikin gida. Gas ya yi tsada, gaskiya ne, amma fitar da murhu fili, amfani da busasshen icce, da sauke goyo kafin a durƙusa gaban wuta ba su da farashi.

Shara ma tana da ƙa'ida. Tsintsiya a busasshen daɓe tana tayar da ƙura ne ta sake sauka a kan gado. Yayyafin ruwa kafin shara, wanda kakanninmu ba sa tsallakewa, da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗe kujeru, sun fi kowane feshin ƙamshi. Kafet mai gashi daga bango zuwa bango, wanda ya zama alamar rufin asiri a gidajen ma'aikata, rumbun ƙura ne. Ɗakin mai borin jiki ya fi son tayil ko leda ko tabarmar da za a iya fitarwa.

Damina tana da nata. A katifa da matashin kai akwai wani ɗan ƙwaro dangin kaska da ido ba ya gani, wanda masana a ƙasar Holan suka gano a 1964 cewa shi ne babban mai tayar da bori a ƙurar gida. Yana son laima, don haka yakan ragu da hunturu ya yawaita da damina. Maganinsa wanke zanin gado da ruwan zafi duk mako da shanya katifa a rana, ranar Kebbi kuwa ba ta rowa. Kyankyaso shi ma babban sanadi ne: a rufe abinci, a toshe tsaguwa, kada kwanuka su kwana da miya. Gidajen da ruwa ya shiga, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 a Argungu da sauran garuruwan bakin gulbi, sukan tsira fumfuna a bango da ƙarƙashin gado bayan ruwa ya janye. Fenti a kan jiƙaƙƙen bango ɓoye ta kawai yake yi. Sai an kankare, an busar, an gyara inda ke yoyo.

A gaban kantar kemis

Kuskure mafi tsada a nan ake yin sa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin amoksisilin ba ya yi wa borin jiki komai, ba ya yi wa murar gaske ma, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Piriton yana aiki amma yana sa barci, abin da direban da zai kama hanyar Sakkwato ya kamata ya sani. Loratadin da setirizin sun fi shi sauƙi ta wannan fuska. Maganin ɗigawa a hanci mai buɗe shi nan take, in aka wuce mako ana amfani da shi, shi da kansa yake mayar da toshewar.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne dangin deksametason da firedinisolon. Suna kwantar da bori kamar an yi ruwa an ɗauke, shi ya sa ake son su. Shan su ba bisa ƙa'ida ba na tsawon lokaci yana jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Yaran da idonsu ke ƙaiƙayi har farin ya koma ruwan ƙasa suna da yawa a ƙasashe masu zafi da ƙura irin tamu, kuma ɗiga musu irin wannan magani wata da watanni ba tare da likitan ido ba na iya kawo yana ko hawan jinin ido, wanda makantarsa ba ta warkewa.

Abu mafi araha shi ne wanke hanci da ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce. Mutanen da suka saba shaƙa ruwa a alwala ba za su ga baƙon abu a nan ba. Wanda tari ke tayarwa da dare, ko ƙirjinsa ke fito, ko numfashi ke yanke masa magana, ya wuce kemis ya nufi asibiti, ko na Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ko babban asibitin garinsu. Inhela ba ta kama mutum kamar ƙwaya, kuma ba alamar ƙarshe ba ce. Tun 2019 ƙwararrun asma na duniya suka daina ba da shawarar babba ya dogara da mai buɗe ƙirji ita kaɗai, sai an haɗa da mai kwantar da kumburi. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a wannan lokaci kuwa ba bori ba ne. Kebbi na cikin jihohin da sanƙarau ya shiga a 2017, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya zama ajali.

Rabon hukuma

Abu uku nake ganin gwamnatin jiha za ta iya ba tare da jiran Abuja ba. Ta sa gidajen rediyo su riƙa karanta hasashen hazo da Hausa da Zabarmanci da Fulfulde kowace safiya, tare da shawara ga makarantu su taƙaita taron layi a ranar da ya yi tsanani. Ta hana ƙona bola da ɓuntu kusa da makarantu da asibitoci, ta kuma haɗa masu injina da masu sayen ɓuntun. Sannan ta tabbatar inhela tana cikin magungunan da shirin taimakekeniyar lafiya na jiha ke biya, domin tun da kamfanin GSK ya sanar da sauya tsarin kasuwancinsa a Najeriya a Agustan 2023 farashin Ventolin ya fi ƙarfin iyalai da yawa.

Mu da muka yi karatu muna da namu rabon, tunda mu ake tambaya a gida idan yaro ya kwana yana tari. Kafin hazon bana ya yi kauri, kowa ya shiga ɗakin da yaransa ke kwana ya duba abin da ake kunnawa a ciki da dare, da abin da aka shimfiɗa a ƙasa, da kwalaben da ke kan taga.